Amsa ga mai tambaya kan fita bayan Kufena da damina

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko Hilux ɗinka mai tayoyin kwalta za ta iya bin ayarin da zai fita ranar Asabar ta bayan Dutsen Kufena da ke Zariya, ka kuma ce abin da ya fi damunka shi ne kada ka kafe a taɓo ka ɓata wa mutane rana, tunda wannan ce fitarka ta farko. Wannan magana taka ta ƙarshe ta sosa mini rai ƙwarai, domin da irin wannan kunyar aka cuce ni, kuma ba na so a maimaita a kanka.

Maganar taya ba ta da tsawo. A kan falalen dutse da marmara tayoyinka za su yi aiki, muddin ka rage musu iska zuwa wajen 20 ko 22 a ma'aunin mai faci, amma a laka ta fadama cikin watan Agusta zanensu zai cika da taɓo nan take, su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka za ka iya kafewa, kuma masu manyan tayoyin ma suna kafewa. Abin da ya kamata ka bincika tun yau shi ne wane ne zai ja gaba, wane ne zai tsaya a ƙarshen ayari, kuma shin an yi alkawari a gaban kowa cewa ba za a bar mota ko ɗaya a daji ba.

Ni an bar ni. Mun gama hawan duwatsu lafiya bayan azahar, sai jagoranmu, wanda ba zan kama sunansa ba ko da yake wasu a nan sun san shi, ya ce mu yanke ta wata fadama saboda ya ga hadari ya haɗo daga gabas. Motoci masu nauyi da suka riga ni sun riga sun tona hanyar, ina shiga cikin motata ya zauna daram a ƙasa, tayoyi huɗu suna watsa taɓo ba tare da ta motsa ba. Ya dawo yana faɗa kamar ni na yi ruwan, ya ɗauko wata tsohuwar igiya ya ɗaura a bambar gabana, duk da na nuna masa ƙugiyar da kamfani ya yi domin wannan aiki a jikin ƙarfen ƙasa. Ya ce shi ya daɗe a wannan harka, in yi shiru in koya. Ya ja da baya, ya taka totur da ƙarfi ya fizga, bambar ta ɓalle ta bi shi, ƙarfen da ke bakin igiyar kuma ya wuce ta gefen kan wani yaro da ya zo kallo. Allah ne kaɗai ya tsare, da labarin da nake ba ku yau daban ne.

Abin da ya biyo baya shi ne har yanzu ban iya mantawa ba. Ya dubi agogonsa, ya ce yana da baƙi a Samaru, zai turo mini bakanike daga Sabon Gari, sauran kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya saboda shi kaɗai ya san hanyar fita. Ruwa ya sauko, magariba ta yi, wayata ba ta samun layi, taɓo ya kai mini gwiwa har ya cinye takalmina ɗaya. Bakanike bai zo ba, kuma daga baya na tabbatar ba a ma kira shi ba. Ana cikin haka sai ga wani dattijo da fitila, ransa a ɓace, ya ce motocinmu sun tattake masa kunyoyin masara, kuma da yake ni ya tarar, ni ya riƙe. Ya yi gaskiya, domin na ga ɓarnar da idona. Amma wannan dattijon ne, bayan ya gama faɗansa, ya kira 'ya'yansa suka zo da fartanya da shebur, suka haƙe ƙarƙashin motar, muka ɗaga ta da jak a kan katako, muka cusa duwatsu da rassan itace ƙarƙashin tayoyi, har ta fito bayan isha'i. Washegari jagoran namu ya sa hotunan tafiyar a waya yana yabon kansa, bai ko tambayi yadda na kwana ba. Na bar shi da Allah, amma ba zan sake bin ayarin da yake gaba ba.

Don haka ka sayi igiyar janye mota ta kirki, kada ka yarda kowa ya ɗaura ta a bamba ko a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela, domin idan ya karye yana tashi da ƙarfin da zai iya kashe mutum, kuma a kori 'yan kallo nesa kafin a ja. Da zarar ka ji motar ta tsaya, ka ɗaga ƙafarka daga totur, domin ƙara wuta ƙara binne ta ne, kuma haka ake ƙona kuloci.

Game da duwatsu, ka tsayar da mota cak, ka sa giya a firi kafin ka shiga 4L, wato ƙaramar giyar jan tayoyi huɗu, wadda ke rage gudu kusan ninki biyu da rabi ta ƙara ƙarfin ja. Ka ɗora taya a kan babban dutse maimakon ka ratsa shi a tsakanin tayoyi, in ba haka ba kaskon baƙin mai ne zai sha duka. Wajen gangarowa ka bar ta a giya ta ɗaya, kada ka taka kuloci, kada kuma ka bi gangara a karkace, musamman idan an yi ruwa, saboda dutsen Kufena jiƙaƙƙe santsi gare shi. Idan kun dawo kwalta ta wajen Wusasa ka mayar da ita 2H, wato jan tayoyin baya biyu kaɗai, domin Hilux ba ta son tafiya da tayoyi huɗu a ɗaure a kan busasshiyar hanya.

Ina roƙon masu shirya tafiyar, don Allah a gaida mai unguwa kafin a shiga yankin mutane, a kauce wa gonaki, a kuma tambayi mazauna wurin halin tsaro a safiyar ranar, kowa ya dawo gari kafin la'asar sakaliya. Rafi kuwa, duk ƙanƙantarsa, a sa mutum ya shiga da sanda ya auna tukuna, tunda ruwa idan ya shiga inji ta hanyar iska yana iya sa a sauke injin gaba ɗaya. Bayan ka tsallaka ka ɗan tattaka birki har ya bushe, da ka dawo gida kuma ka sa a wanke lagireto sosai, domin laka idan ta bushe a jikinsa mota za ta riƙa zafi a cunkoson Kwangila ka rasa dalili.

Ka tafi da shebur, da katako mai kauri na ɗora jak, da famfon iska, da ruwan sha mai yawa, ka kuma nemi a sa ka a tsakiyar ayari. Idan ba ka samu igiya kafin Juma'a ba ka yi mini magana, ina da guda biyu, zan ara maka ɗaya.