Dasashin kwikwiyo ya yi fari: maganin tsutsa zan saya ko na ƙarin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne daga Gumel. Karyata ta haifi 'yan kwikwiyo shida, ba su cika sati uku ba biyu suka mutu. Sauran kashinsu baƙi ƙirin, dasashinsu ya yi fari fat. Mai shago ya ce in sayi maganin ƙarin jini, abokina kuma ya ce in gutsura musu ƙwayar tsutsa ta shanu. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya sauran. Abin da ka siffanta ya yi kama da aikin tsutsar nan mai ƙugiya a baki, wadda likitoci ke kira Ancylostoma caninum. Ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, da wuya ka gan ta a kashi. Takan kafa baki a jikin hanji ta sha jini, ta saki wani sinadari da ke hana jinin daskarewa, don haka ko ta matsa gaba, wurin da ta bari yana ci gaba da tsiyaya. Baƙin kashin nan jini ne da ya narke a ciki. Kuma ta nonon uwa suke samunta, shi ya sa take kashe kwikwiyo tun kafin ƙwanta ya fara fita a kashi.

Bai wa irin wannan kwikwiyo maganin ƙarin jini kaɗai tamkar zuba ruwa ne a tulun da ya huje. A toshe hujin tukuna. Nemi maganin ruwa mai pyrantel, shi ake ba kwikwiyo tun yana sati 2, a maimaita a sati 4, 6 da 8, daga nan wata-wata har ya cika wata 6. Maimaicin dole ne, domin manyan tsutsotsin da ke hanji ne maganin yake kashewa, ƙananan da ke yawo a jiki sai sun iso. Uwar ma a ba ta nata a rana ɗaya da su. A auna nauyin kowanne, kada a yi kirdado.

Ƙwayar shanu kuwa, don Allah ka ajiye ta. Yawancinta albendazole ce, kuma an san tana iya danne ɓargon kare, inda ake ƙera jinin. Wanda jininsa ya riga ya ƙare ba ya bukatar wannan kasadar. Piperazine mai araha ma ba za ta yi maka aiki ba, macijin ciki kawai take korewa.

Wanda ya daina shan nono ko ya kasa tsayuwa, yau ɗin nan ya kamata likitan dabbobi ya gan shi. Zai gwada PCV, wato yawan jajayen ƙwayoyin jini. Babban kare lafiyayye yana tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin 100, na kwikwiyo ya ɗan gaza haka. In ya faɗi ƙwarai sai likita ya saka masa jinin wani kare. Bayan tsutsa ta mutu ne maganin ƙarin jini, hanta dafaffiya da nama za su yi amfani. Ka riƙa kwashe kashinsu kullum, musamman da damina, domin 'ya'yan tsutsar suna rayuwa a ƙasa mai damshi, suna huda fatar ƙafa, har ta yaran gida masu yawo ba takalmi.

Tambaya: Karen gadinmu a Kaduna an yi masa allurar tsutsa ta ivermectin, amma ina ganin wasu farare kamar shinkafa a gindinsa, kuma har yanzu ya rame.

Amsa: Hajiya, wannan tsila ce, ivermectin ba ta taɓa ta. Sayi ƙwaya mai praziquantel a ciki, irin su Drontal Plus, wadda ake ba da ɗaya ga kowane kilo 10, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ta hanyar haɗiye ƙuma kare ke ɗaukarta, in ba a kashe ƙumar ba za ta dawo. Sai dai tsila ba ta cika shan jini ba. Ɗaga leɓensa ki duba dasashi: in fari ne, kuma akwai kaska a kunnuwansa ko fitsarinsa ya yi ja, a gwada jininsa, domin zazzaɓin kaska ma yana fasa jini, kuma maganinsa daban ne.