Kafin ka biya kuɗin ƙaramin jirgin shaƙatawa

Tambaya: Na ga tallar ƙaramin jirgin sama na hannu, mai kujera ɗaya da injin Rotax 503. An ce a Amurka ba a neman lasisi kafin a tuƙa irinsa. Me zan duba kafin in saya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, maganar lasisin gaskiya ce, amma iyakarta Amurka. Dokarsu ta 1982 ta yafe shi ne ga jirgin mutum ɗaya da nauyinsa babu kaya bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai haura kilomita 102 a awa ba, kuma da rana kawai. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce mai cewa, don haka ka karɓi amsarta a rubuce tukuna.

Sai injin. Rotax 503 irin na babur ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kashi 50 da 1, kuma kamfanin ya ce a kwance shi a sabunta bayan awa 300. An daina ƙera shi, saboda haka ka binciki inda za ka samu kayan gyara. Ka nemi littafin da ake rubuta awannin tashi. Idan babu, ka ɗauka awannin sun cika, ka cire kuɗin gyaran daga farashi. Wanda ya daɗe a ajiye ma ba abin yarda ba ne: tsatsa na cin boris a ciki, robobi su bushe su riƙa shan iska, man ya yi ƙaranci, fistin ya liƙe kana sama.

Yadin fiffike kuwa rana ce ke kashe shi. Yana iya yin kyau a ido alhali ya ruɓe. A gwada shi da na'urar auna ƙarfin yadi, musamman saman fiffiken, a kuma duba bututun alminiyon ko ya lanƙwashe ko ramukan ƙusoshi sun buɗe.

Zafinmu ma yana da nasa. A watan Afrilu, ko a tudu irin Jos, iska ba ta da kauri, jirgi kan ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Ka haɗa nauyinka da na mai ka gwada da abin da littafin jirgin ya yarda.

Tunda kujera ɗaya ce, ba mai zama gefenka ya gyara maka kuskure. Ka fara koyo da malami a jirgi mai kujera biyu, malamin ne kuma zai raka ka duba jirgin da kake son saya.