Hukuncin rubuta Alƙur'ani a kan fatar rubutu da ake kira belam

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai sha'awar rubutun hannu ne na ƙawa. Na yi odar wani abin rubutu da Turawa ke kira belam, ina so in rubuta Ayatul Kursiyyu a kai in rataye. Sai wani abokina ya ce min ai fatar maraƙi ce, kuma ba a san yadda aka kashe dabbar ba. Wani kuma ya ce takarda ce kawai. Mene ne gaskiyar wannan abu, kuma ya halatta in rubuta ayar a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokan naka biyu kowa ya faɗi gaskiya, domin suna ɗaya ne ake kiran abu biyu da shi, shari'a kuwa ba ta rataya hukunci a kan suna, tana duba abin ne da kansa.

Kalmar ta fito daga tsohon Faransanci, ma'anarta abin da aka yi da fatar maraƙi, daga baya aka riƙa kiran duk wata fatar rubutu mai kyau da ita, ko ta tunkiya ce ko ta akuya. Larabawa suna ce mata raƙƙu, kuma Allah ya ambace ta a farkon Suratuɗ Ɗur, inda ya yi rantsuwa da littafi rubutacce "fi raƙƙin manshur", wato a cikin fata shimfiɗaɗɗiya. Na biyun takarda ce ta zamani, mai sheƙi, ana hango abin da ke bayanta, da auduga ko ɓawon itace ake yin ta, masu zanen gini da masu buga katin gayyata ke amfani da ita. Sunan kawai ta ara. Idan ita ce a hannunka, rubuta ayarka, babu komai.

Ita kuma fatar gaske, asalin rubuta Alƙur'ani a kanta ba abin tambaya ba ne. Zaidu ɗan Sabit, Allah ya yarda da shi, ya tattaro Alƙur'ani daga guntayen fata da faffaɗan ƙashi da zarbar dabino da ƙirajen mazaje. Mushafan farko galibi a fata aka rubuta su, domin takarda ba ta yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai bayan tsakiyar ƙarni na biyu na Hijira, ta Samarƙandi zuwa Bagadaza. Ganyayen Alƙur'anin nan da ke Jami'ar Birmingham a Ingila, da aka sanar da gwajinsu a 2015, gwajin ya nuna dabbar da aka yi fatar da ita ta rayu ne tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya. Haka tarin da aka gano a babban masallacin San'a a 1972, akwai fatu masu yawan gaske a ciki.

To ina matsalar take? Tana wajen tsarki. Dabbar da ake cin namanta in an yanka ta yankan shari'a, fatarta mai tsarki ce ko an jeme ko ba a jeme ba. Wannan ya haɗa da yankan Ahlul Kitabi, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Fatar mushe ce ake saɓani a kanta. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan aka jeme fata ta tsarkaka. Shafi'awa suka ce jima tana tsarkake ta, ban da ta kare da alade. Hanafawa suka cire alade kaɗai. Mashahurin mazhabar Malik kuwa shi ne jima ba ta ɗauke najasar, sai dai an yi rangwame a yi amfani da fatar a busasshen abu da kuma ruwa. Mai Risala, Ibn Abi Zaid malamin Malikawa, ya ce ba laifi a amfana da ita in an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin suna zaton duk fatar da ta bushe ta yi kyau jemammiya ce. Belam ba a jeme shi. Ana tsoma ɗanyar fatar a ruwan farar ƙasa na kwanaki har gashi ya saki, a kankare gashin da naman, a ɗaure ta a katako a ja ta ta miƙe sosai, a ci gaba da kankara da wuƙa mai kama da jinjirin wata, ta bushe a miƙe, sannan a goge ta da dutse mai kaushi da alli. Babu bagaruwa, babu wani abin jima. Shi ya sa in ruwa ya taɓa ta sai ta kanannaɗe, in ta daɗe a jiƙe ta ruɓe kamar ɗanyen ƙirgi. Shafi'awa kuwa ma'auninsu na jima ke nan: a ce ko an jiƙa fatar wari ba zai dawo mata ba. Belam bai ci wannan jarrabawa ba. Hanafawa ne kaɗai suka buɗe ƙofa, saboda a wurinsu busarwa a rana ko da turɓaya ma jima ce a hukunce, muddin ta hana ruɓa.

Saboda haka abin da nake gani shi ne: in ka tabbata daga mushe aka samo fatar, kada ka rubuta Alƙur'ani ko sunan Allah a kanta. Mazhabobi uku, Malikawa da Shafi'awa da Hanbalawa, na ganin najasa ce, kuma maganar Allah ta fi ƙarfin a ɗora ta a kan abin da mafi yawan malamai ke ƙyama, alhali babu wata lalura. In kuwa ba ka sani ba, duba inda ta fito. Wadda aka yi a ƙasar Musulmi ana ɗaukar ta a kan yankakkiya ce, ba a ɗora maka bincike ba. Wadda ta zo daga inda ba a san hanyar kisan dabbobinsu ba, ka tambayi mai sayarwa. Masu wannan sana'a a duniya 'yan kaɗan ne, yawanci sun san inda suke samo fatunsu. In bai ba ka amsa mai gamsarwa ba, ka rubuta waƙa ko wasiƙa ko takardar shaida a kanta, ayar kuma ka nemo mata takarda.

Akwai wani nau'i da masu sayarwa ke yi wa kirari da laushi da fari, wai na ɗan tayi ne. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ce yankan ɗan tayi shi ne yankan uwarsa, Malikawa suka shardanta halittarsa ta cika gashinsa ya tsiro. Wanda saniya ta yi ɓarinsa matacce mushe ne, ya koma hukuncin da ya gabata.

Kada kuma wannan ya sa maka wasiwasi. Wanda ya taɓa tsohon littafi na fata a ɗakin karatu, ko aka ba shi shaidar karatu a kan belam, hannunsa bai najasta ba, busasshe ba ya ɓata busasshe, alwalarsa na nan. Sai dai mai bin Malik kada ya sa wanda ya tabbata na mushe ne a aljihu ya ta da kabbara.

Rarrabe su ba wuya. Ɗaga shi a haske: fata tana da ƙananan ramukan gashi da sawun jijiyoyi, fuskarta ɗaya ta fi ɗaya duhu, kuma ba ta yaguwa da hannu cikin sauƙi. Takardar kuwa fuskokinta biyu iri ɗaya ne, ka yagi gefenta za ta yage. Wallahu a'alam.