Tambayoyin Masu Karatu: Wai Oval ɗin nan sunan mutum ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibar sakandare ce, kullum in ana labaran Amurka sai in ji an ce shugaban ƙasa ya karɓi baƙi a Oval Office, ni dai na ɗauka sunan wani tsohon shugabansu ne aka sa wa ofishin, sai kuma rannan na je sayen gilashin ido mai shagon ya ce wai fuskata oval ce. Don Allah me kalmar take nufi, kuma ya ake faɗinta? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a ba sunan kowa ba ne, siffa ce, siffar ƙwai. Duk abin da ya yi kewaye ba kusurwa ko ɗaya amma bai yi cif kamar faifai ba, tsawonsa ya ɗan ɗara faɗinsa, to shi ne oval. Asalinta ma daga Latin ne, ovum, wato ƙwai. Shi ofishin da kike ji a fadar White House ɗaki ne kawai da aka gina da wannan siffa, na farkon an yi shi a 1909 zamanin shugaba Taft, wanda ake amfani da shi yanzu kuma tun 1934 yake, lokacin Franklin Roosevelt. Mai gilashi kuwa ba zaginki ya yi ba, ce miki ya yi kina da ɗan doguwar fuska, kuma masu sana'ar suna cewa irinta kusan kowane firem yana yi mata kyau, ko da yake kin san ɗan kasuwa, so yake ki saya.

To wajen furuci ne ake yin ta. Gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta farko, ki ja o ɗin kamar yadda kike faɗin "go" ko "no" a Turanci, ta biyun kuma kar ki buɗe baki ki ce "val" da ƙarfi, a ɗin nan kusan ba a jinsa, kamar dai "ouvul" a gajarce. Matsalarmu ita ce v, babu ita a Hausa shi ya sa muka mayar da ita b a direba da bidiyo da talabijin, kuma wannan ba laifi ba ne in Hausa kike yi. Amma in Turanci ne ki ɗora haƙoranki na sama a kan leɓen ƙasa ki saki iska tare da murya, in kin taɓa maƙogwaro za ki ji yana rawa. Ki kula kar ki gudu daga b ki faɗa kan f, don in kika gajarce o ɗin kika ce "ofal" Bature zai ji offal, wato kayan ciki, hanji da tumbi, kin ga ai an ɓata fuskar gaba ɗaya.

Wajen amfani kuma da sauƙi, an oval mirror, an oval table, ko ki ce draw an oval. Ki lura "an" ake sa mata ba "a" ba, tunda da wasali ta fara, nan ne ɗalibai da yawa suke zubar da maki a banza. Ƙwallon rugby oval ce, haka titin tsere na mita 400 da ya zagaye filin wasa, a Landan ma akwai filin kurket da sunansa kenan, The Oval, tun 1845.

Malamin lissafi zai iya kawo miki ellipse, kar ki rikice, ita tana da ƙa'ida da awo kuma ɓangarorinta daidai suke, oval kuwa kalmar yau da kullum ce, ko da gefe ɗaya ya fi tsini yadda ƙwan kaza yake ta shiga. Duk ellipse oval ce amma ba duk oval ce ellipse ba, don haka in an tambaye ki siffar hanyar da duniya ke bi ta zagaya rana a jarrabawa, ellipse za ki rubuta.