Ta ina zan fara koya wa yara takun rawar koroso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kano. An ba ni yara 20, 'yan shekara 6 zuwa 8, in koya musu rawar koroso don bikin ranar al'adu, kuma saura mako uku. Da na kunna kiɗa sai kowa ya kama gabansa, ƙafafu su harɗe. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kashe kiɗan nan tukuna. Koroso rawa ce da ake ji da kunne kafin ido ya gani, domin akayau ɗin da ke ɗaure a ƙafar ɗan rawa shi ma kayan kiɗa ne, kamar ganga da sarewa. Duk wanda ya kalli 'yan koroson Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ya san ƙafafu da yawa ne ke sauka, amma amo ɗaya ake ji. Saboda haka kunne za ki fara gyarawa.

Kwana biyu na farko tafi kawai za ku yi, irin na gaɗa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a hankali. Idan tafin ya haɗu, sai su riƙa buga ƙasa da ƙafa suna tsaye wuri ɗaya.

Daga nan sai taku guda, kada ki ƙara wani: ƙafar dama ta matsa gefe, ta hagu ta zo ta taɓa ƙasa kusa da ita, ta hagun ta koma, ta dama ta biyo ta taɓa. A nan ne yara ke harɗewa, kuma dalilin ɗaya ne. Ƙafar da ta zo taɓawa bai kamata ta ɗauki nauyin jiki ba. Ki lura da yaron da ya rikice, za ki ga ya dasa ƙafar gaba ɗaya, sai ya rasa wadda zai ɗaga. Ki ce masa ya taɓa ƙasa da yatsu kamar mai gwada zafin rairayi da rana tsaka. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rusuna.

Ɗan shekara 6 bai gama rarrabe dama da hagu ba, don haka ki ɗaura wa kowa jan ƙyalle a ƙafar dama, ki riƙa cewa "mai ƙyalle". Sannan ki juya musu baya idan kina nunawa. In kin fuskance su, damarki ce hagunsu.

Minti 15 a rana ya isa. Ni dai ba na yarda a riƙe bulala a wurin rawa, domin yaron da ke tsoro jikinsa sanƙarewa yake yi. A yi a tsakar fili, ba a kan tayil da safa ba. Ɗaga juna da alkafura irin na manya kuwa, ki bar su ɗungurungum, ƙashin yaran bai yi ƙwari ba.

A mako na biyu ki ɗaura musu akayau. In babu, a huda marafan kwalba, a daddake bakinsu don kada su yanki fata, a zura a igiya, a ɗaura kan safa mai kauri. Ki rufe ido ki saurara: in kin ji "kacau" ɗaya daga yara 20, to ki kira mai ganga, ki roƙe shi ya fara a hankali, ya bi ƙafar yaran har su zauna a kan kiɗan.