Na Kwance Karen Da Aka Bari Da Yunwa, Ko Ya Halatta In Riƙe Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Tumfure, cikin garin Gombe. Akwai wani kango kusa da gidana, mai gadinsa ya tashi ya bar kare ɗaure da sarƙa, ba ci ba sha, ga zafin bazara. Haƙarƙarinsa duk a waje, sarƙar ta ci masa wuya, kaska ta cika kunnuwansa. Na kwance shi na kawo gida ina ba shi ragowar tuwo. Yanzu ya farfaɗo, har ya saba da yara. Amma Hajiyarmu ta ce mala'iku sun daina shiga gidan, kuma duk tufar da ya taɓa ba a salla da ita. Shin na yi laifi? In riƙe shi ko in kore shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwance shi da ka yi ka ciyar da shi ba laifi ba ne, ibada ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin wani matafiyi da ya shiga rijiya ya sha ruwa, da ya fito sai ya ga kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa. Ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da karen, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. A wata ruwayar ma karuwa ce daga Banu Isra'ila aka gafarta wa saboda irin wannan aiki. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne wanda ya ɗaure ya tafi, domin mace ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Riƙe shi a gida kuwa wata mas'ala ce daban. Ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare, ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani kaso, na ladansa kowace rana, a ruwayar Ibn Umar kuma ƙiraɗi biyu. A kan haka malamin Malikawa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta a littafinsa Risala cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan wurin. Abin da ba kowa ya kai gare shi ba shi ne labarin da masu sharhi suka kawo: katangar gidan shi Ibn Abi Zaid ɗin ta faɗi, ya ji tsoron a shigo masa, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imamu Malik ya ƙi wannan. Ya ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Ibn Abdil Barri a cikin Malikawa da Nawawi a cikin Shafi'awa duk sun rinjayar da halaccin karen gadin gida ta hanyar ƙiyasi, tunda dalilin da ya sa aka yarda da karen gona da na garke shi ne tsaro.

Don haka ka tambayi kanka da gaskiya. In gidanka a gefen gari yake, kangwaye sun kewaye ku, kana da awaki ko kaji ko babur da ake iya haurowa dominsu, to riƙe shi ya halatta kuma ladanka ba ya raguwa. In babu wannan buƙata, sha'awa ce kawai da sabo, to ka ci gaba da jinyarsa har ya warke sarai, sannan ka nema masa wanda yake da buƙata: manomi, makiyayi ko mafarauci, waɗanda ba wuyar samu suke ba a ƙasar Gombe. Kwanakin jinya ba sa cikin hanin, domin ceto kake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka kai shi bayan gari ka yar, yara su bi shi da jifa. Kuma kafin komai ka nemi mai kangon ko mai gadin ka sanar da shi. A littafinsa Mukhtasar, malamin Malikawa Khalil ya ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu wurin kiwo, in ya ƙi a raba shi da ita. In ya ce ba ya so, ya zama naka.

Batun najasa, a nan Hajiya ta ɗauki maganar Shafi'awa da Hambalawa, kuma magana ce mai hujja. Sai dai a mazhabar Malik, wadda ita muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, har da kare. Malik ya kafa hujja da aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, ya ce ta yaya za a ci naman da ya kama da baki sannan a ƙyamaci yawunsa? Umarnin wanke ƙwarya sau 7 in kare ya sa baki a ciki, Malikawa sun ɗauke shi a matsayin bauta da ake bi don an umarta, ba don ƙwaryar ta najastu ba. Saboda haka in ya goge ka da jikinsa, alwalarka na nan, rigarka kuma ana salla da ita. Fitsarinsa da kashinsa ne najasa, sai a wanke. Wanda ya wanke inda yawun ya taɓa don fita daga saɓani ya kyauta. Ka ware masa kaskonsa, kada ya haɗa da kwanukan gida.

Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ingantacce ne, kada ka yi musu da Hajiya a kansa. Mala'ikun rahama ake nufi, masu rubuta ayyuka ba sa rabuwa da bawa. Khaɗɗabi yana ganin karen da shari'a ta yarda da shi bai shiga ciki ba, Nawawi kuma yana ganin hadisin ya game kowane kare. Ni abin da nake ba da fatawa da shi: a yi masa rumfa mai inuwa daga bakin ƙofa ko bayan gida, kada ya shiga falo, ɗakin kwana ko inda ake salla. In ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi amma hankalinta bai kwanta ba, to ka sama masa wani gidan, domin riƙe kare halal ne kawai, faranta wa uwa kuwa wajibi ne.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne cewa ya saba da yara, alhali ba ka ambaci allura ba. Cutar haukar kare, da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu ta cizon kare. Ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa rigakafi, ana kuma maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. A asibitin dabbobin za su duba ciwon wuyan su ba ka maganin kaska. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In kuwa ya zama mai cizon mutane haka kawai, ko likita ya tabbatar ya haukace, to ya shiga hukuncin kare mai cizo da Annabi (SAW) ya yi izinin kashewa, a yi shi da gaggawa ba tare da azabtarwa ba.

Wallahu a'alam.