Amsa ga mai shirin zuwa Dubai karon farko

Malam, ka tambayi abin da za ka kiyaye a Dubai. Fara da jakarka tun daga gida: kada ka kuskura ka shiga da Tramadol ko Kodin ba tare da takardar likita ba, don can hukuncin miyagun ƙwayoyi ake yi a kansu. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kuwa, ko na waye, bar shi.

A jirgin Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, akwai taragon mata da yara. Namiji ya shiga, tarar dirhami 100 ce. Haka ci ko sha a ko'ina cikin jirgin, har da cingam. Tsallaka titi inda ba a ware ba kuma dirhami 400 ne, ko da ka ga wasu suna yi a Deira, tsohuwar unguwar kasuwanni ta Dubai.

Ɗaukar hoton mutane ba izini laifi ne, musamman mata. Lambar 'yan sanda 999.